Reshe ko Ratse: Kalmar da Ta Dace da Rabuwar Aiki a Git

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta manhaja da malaman harshe. Tun makon jiya muke ja-in-ja a kan kalmar da za ta maye gurbin branch a darasin Git da muke shiryawa da Hausa, kuma ina ganin ya kamata a tsayar da magana kafin kowa ya kama tasa.

Ga wanda bai san abin ba, Git manhaja ce da ke bin diddigin duk canjin da aka yi wa fayilolin wani aiki, ta rubuta wanda ya yi shi da lokacin da ya yi, har a iya komawa ga yadda aikin yake wata shida baya. Linus Torvalds ne ya rubuta ta a watan Afrilun 2005, bayan da masu gina Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, suka rasa damar amfani da BitKeeper kyauta, wato manhajar da suke wannan aiki da ita a da, sannan ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano a watan Yulin shekarar. Abin da ake kira branch a cikinta shi ne mutum ya ware gefe da aikin, ya yi gwaje-gwajensa ba tare da ya taɓa na sauran jama'a ba, idan abin ya yi kyau a mayar da shi cikin babban aikin.

Mafi yawanmu mun ce reshe, kuma ni ma da farko ban ga abin tattaunawa ba. Wani ɗalibi ne ya sa na tsaya, ranar da na zana masa layi biyu a allo, ɗaya ya fita daga ɗaya sannan ya dawo ya shige shi. Ya dubi zanen ya ce, “Malam, ai reshe ba ya komawa jikin bishiya.” Gaskiyarsa kuwa. Reshen kuka idan ya fita ya fita ke nan, alhali a Git dawowar ita ce manufar fitar tun farko.

Daga nan ne wani dattijo a cikinmu ya kawo ratse, kamar yadda direba kan bar kwalta inda gada ta karye, ya bi ta cikin gonaki, ya sake hawa titi a gaba. Ta fuskar ma'ana babu kalmar da ta kai ta, domin ta ɗauki fita da dawowa a lokaci guda. Sai dai, ranka ya daɗe, tana da matsala biyu. Jam'inta ba ya zuwa baki da sauƙi, ga shi aiki ɗaya kan tara irin waɗannan layuka ashirin ko fiye, kuma dole a riƙa ƙidaya su. Sannan idan aka ce wane ya ratse, kunnen Bahaushe kan ji ƙamshin kauce wa hanyar ƙwarai, wanda ke sa sauran layukan su zama kamar ɓata, babban layin kuma shi kaɗai ne daidai.

Git kuwa ba ta fifita wani layi a kan wani. Duk mai shakka ya buɗe jakar .git da ke ɓoye a cikin aikinsa, ya shiga refs, ya shiga heads. Zai tarar da ƙananan fayiloli, kowanne da sunan wani layi, kuma abin da ke ciki bai wuce haruffa da lambobi 40 ba, waɗanda ke nuna inda layin ya tsaya. Wanda ake kira main, sunan da GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git a kansa, ta mayar na farko ga sababbin ayyuka a watan Oktoban 2020 a madadin master, shi ma haka yake, al'ada ce kawai ta ba shi girma. A Subversion ne, wata manhaja mai irin wannan aiki wadda ta girmi Git da shekara biyar, aka saba da maganar kututture da rassa, inda babban layin shi ne kututturen.

Saboda haka ra'ayina shi ne mu riƙe reshe, amma mu koyar da shi da misalin kogi. Kogin Kwara a tsakiyar ƙasar Mali yakan rabu rassa da yawa a cikin fadama, rassan kuma su sake haɗuwa kafin ruwan ya nufi Tumbutu, kuma babu wanda zai ce an yi wa kalmar dole. Muna da jam'i a shirye, mutane sun saba da reshen banki da reshen ƙungiya, kuma main ya zama babban reshe ba tare da wata wahala ba. Mayar da reshe cikin wani sai a kira shi haɗewa. Idan mutum biyu suka canza layi ɗaya na fayil ɗaya, Git ta tsaya ta jera rubutun kowa tsakanin alamomi tana jiran hukuncin ɗan Adam, wannan saɓani ne, kuma ban ji wanda ya yi jayayya da shi ba.

Saura abin da samarinmu ke cewa “na yi komit”, wato adana canje-canjen da mutum ya yi a matsayin mataki guda cikin tarihin aikin. Na fi son zango, irin na fatake, domin kowane ɗaya yana ɗauke da lambar wanda ya gabace shi, kamar yadda matafiyi ke sanin inda ya kwana jiya. An tuna mini cewa zango ya riga ya zama na karatu da na mulki, amma ban ga yadda za a rikita su a gaban kwamfuta ba. Na gwada jimlar a kan ɗalibin nan: “Na buɗe sabon reshe, na ya da zango uku, da na zo haɗewa da babban reshe sai aka samu saɓani a layi na 12.” Bai nemi ƙarin bayani ba, tambayarsa kawai ita ce rubutun wa za a bari a layin.