Abin da masu kiwon macijin ɓera suka yi ittifaƙi a kai

Masu kiwon macijin ɓera na Amurka, wanda ba shi da dafi, sun fi nanata maganar murfi: a rufe akwatinsa gam, domin ƙaramar kafa ta ishe shi sulalewa. Gefe ɗaya ya kai zafin digiri 29, ɗaya gefen ya fi sanyi, kowanne da maɓoya.

Abinci kuwa mataccen ɓera da aka narkar daga firiza, kusan mako-mako. Mai rai yana iya cizonsa, kuma na goyi bayan wannan gargaɗi sosai. Kada a ɗauki macijin a hannu sai bayan kwana 2 da ci.

Mai son hayayyafa ya sanyaya musu wuri wata 2 zuwa 3 kafin barbara. Ƙwai yakan ƙyanƙyashe cikin kimanin kwana 60.