Ushiri a Cocin Katolika: shawarwarin da suka fito

A tattaunawar da muka yi kan ba da baiko a Cocin Katolika, tambayar da ta fi jan muhawara ita ce ko ba da ushiri, wato kashi goma cikin ɗari na abin da mutum yake samu, wajibi ne. Masu ilimin cikinmu suka ce a'a. Doka ta 222 ta kundin dokokin Ikilisiya na 1983 ta wajabta taimaka wa coci da matalauta, amma ba ta yanka adadi ba. Kowa gwargwadon ƙarfinsa. Wasu suka ce su dai suna ware ushirin, rabi ga cocinsu, rabi ga mabukata.

Wanda ake bin sa bashi kuwa, an ce kada ya ƙuntata wa iyalinsa don baiko, ya ba da lokacinsa da gwanintarsa tukuna. Wannan ta fi kwanta mini. Aka kuma ce ba laifi a tambayi kwamitin kuɗi na coci inda baikon yake tafiya.