Neman shawara: wace waya da wace bireka zan sa wa kukar lantarki?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na saya wa uwargida kukar lantarki, wato murhun girki na lantarki, mai kai huɗu da obin, takardar da ke bayanta ta ce kilowat 7.2. Yaron da ya yi mana wayarin ya ce a jona ta da layin soket ɗin kicin, waya mai kaurin milimita sukwaya 2.5 ce a ciki, in bireka ta riƙa faɗuwa sai a cire mai amfiya 20 a sa mai amfiya 40. Daga akwatin bireka zuwa kicin kamar mita 18 ne, cikin fayif a bango. A Kano nake. Hankalina bai kwanta ba, a taimaka mini.

Wani tsohon mai wayarin:
Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka yarda a taɓa birekar nan. Aikin bireka shi ne ta yanke wuta kafin waya ta yi zafin da robarta za ta narke. Wayar 2.5 a cikin fayif ba ta wuce amfiya 24. In ka ɗora mata bireka mai 40, wayar za ta dahu a cikin bango ita kuwa bireka ko gezau. Haka gobara ke tashi a silin.

Lissafin ba wuya: wat 7,200 ka raba da bolt 230, ya ba ka amfiya 31 da ɗoriya. A ja mata layinta ita kaɗai daga akwati, wayar 6, bireka mai 32. Kusa da kukar a sa makunni mai amfiya 45 wanda yake yanke layi biyu, a gefe inda hannu zai kai, ba a saman tukunya ba.

Wani ɗan'uwa daga Zariya:
Baba, ina neman afuwa, amma ai ba a kunna kai huɗu da obin a lokaci guda, kuma kowanne yana ɗaukewa in ya yi zafi. Ƙa'idar da aka koya mana: amfiya 10 na farko, a ƙara kashi 30 cikin ɗari na ragowar. Nan bai fi 17 ba. Wayar 4 za ta isa, ya rage kuɗi.

Tsohon mai wayarin:
Lissafinka daidai ne ɗana, sai dai jadawalin ƙarfin waya da kake dubawa an yi shi ne a kan zafin digiri 30. Ka san yadda silin ɗin Kano yake a watan Afrilu. A digiri 40 waya mai robar PVC tana rasa kashi 13 cikin ɗari na ƙarfinta. Wayar 4 mai ɗaukar 32 ta koma 28, ƙasa da birekarta ke nan. Ta 6 tana nan sama da 32. Ranar sallah ko suna kuwa duk kawunan za a kunna, ka tambayi matan gidanku. Tsawon mita 18 kuma ba komai ba ne ga wayar 6, abin da zai zube a hanya bai kai bolt 5 ba.

Wata Hajiya:
Ni dai abin da zan ƙara, a sa RCD, wato na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara zuba ta jikin ƙarfe ko mutum, mai miliamfiya 30, kuma a tabbatar wayar atin ta kama jikin kukar har zuwa ƙarfen da aka binne. Mu ne muke taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, sau da yawa ba takalmi.

Wani mai shago a Sabon Gari:
Yallaɓai ka je sayen wayar da kanka. Akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe, ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari ka ajiye. Irin wannan ba nauyi a hannu, farashinta kuma ya yi sauƙi fiye da kima. Nemi Coleman, Cutix ko Nigerchin wajen dillalin da ka yarda da shi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. In an ɗauke wuta fa, injina mai kilowat 3 zai ja ta?

Tsohon mai wayarin:
Ba zai ja ba. A ɗauko layin kukar daga ɓangaren NEPA kaɗai, kada ya bi ta canjin inji. Ka kuma sa a duba wayar da ta shigo daga mita zuwa akwati, domin in siririya ce ita za a fara canzawa kafin a jona kukar.