Yarona ya fara tambayoyin da suka fi ƙarfina, ta ina zan fara?

Uwar 'yan uku: Assalamu alaikum 'yan zaure, dan Allah shawara nake nema. Ɗan autana shekararsa bakwai, kwanan nan tambaya ba ya gajiya, kuma ba irin ta makaranta ba, jiya cewa ya yi Umma idan na girma kamannina duk suka canza ni ne dai ko wani ne daban. Wata ƙawata ta ce wai falsafa ke nan kuma akwai yadda ake yi da yara. Ni dai ba na so in riƙa ce masa yi shiru, amma ta ina ake farawa, littafi ne ko me?

Malamin firamare: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai yaronki ya riga ya fara, ke ce za ki bi shi. Abin da ƙawarki take nufi wani malamin jami'a ne a Amurka, Matthew Lipman, ya ga ɗalibansa manya sun iya hadda amma ba su iya kafa hujja ba, sai ya ce to a jami'a an makara, gara a faro tun suna ƙanana. Ya rubuta wa yara labari a 1969, a 1974 shi da Ann Margaret Sharp suka buɗe cibiyar koyar da yara falsafa a garin Montclair na Amurka, daga nan abin ya bazu ƙasashe da yawa.

Yadda ake yi kuma ba wuya wallahi, ni ina yi a ajina. Ana zama a da'ira, a karanta ɗan gajeren labari, sai yaran da kansu su kawo tambayoyi, in rubuta kowace a allo da sunan mai ita a gefe, ki ga yadda yaro yake washe baki ya ga tambayarsa a allo, sai su ɗaga hannu su zaɓi ɗaya a tattauna. Doka ɗaya ce mai ƙarfi, duk wanda zai yi magana sai ya ce na yarda da wane saboda kaza, ko ban yarda ba saboda kaza. Wannan saboda ɗin shi ne aikin gaba ɗaya. A gida ma haka, in ya tambaye ki kar ki yi saurin ba shi amsa, ki ce kai ya kake gani, me ya sa.

Kawu: Ni fa ina da ja a nan. Falsafa ba abin wasa ba ce, manya ma ta rikita su balle yaro da bai gama sanin farillan alwala ba. Ba don banza Imam Gazali ya rubuta littafi guda a kan rushewar masana falsafa ba. A bar yara su yi karatunsu.

Ɗalibar jami'a: Kawu Allah ya ƙara girma, damuwarka a kan hanya take kuma ba na raina ta, amma ka ba ni dama. Imam Gazali a littafin da ka ambata, Tahafutul Falasifa, mas'aloli 20 ya ɗauko ya warware, uku daga ciki ne ya ce sun fitar da mai su daga addini, cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ƙananan al'amura ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Amma lissafi da manɗiƙ, wato ilimin tsara hujja, ya ce ba ruwansu da musun addini, har ma da manɗiƙ ɗin ya buɗe Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhu. Kuma da me ya kayar da su in ba da hujja ba? To abin da Malam yake yi da yara wannan ɓangaren ne, menene adalci, menene ƙarya, ta ina ka san abin da ka ce ka sani, ba wanda zai zaunar da ɗan shekara bakwai a kan ko duniya tana da farko.

Kuma Hajiya in labari kike so akwai Hayyu bin Yaƙzan na Ibn Tufail, mutumin Andalus ne ya rasu a 1185. Jariri ne shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi ta raine shi, ranar da ta mutu ya yi ta kiranta ba ta motsa ba, ya duba idonta da kunnenta duk lafiya, sai ya buɗe ƙirjinta yana neman abin da ya lalace ya gyara, ya tarar da wani gurbi a zuciya babu komai a ciki, a nan ya gane uwar da yake so ba wannan jikin ba ce, wani abu ne da ya fita. Daga nan ya yi ta tunani mataki mataki har ya kai ga dole akwai Mahalicci. Kar ki karanta masa littafin yadda yake, ya yi masa nauyi, ki ba shi da bakinki kamar tatsuniya ki tsaya a wajen barewar ki tambaye shi me ya fita.

Kawu: To in dai iya nan ne da sauƙi, 'yata. Amma iyaye su san inda za su tsaya, abin da ya shafi aƙida a kai wa malamai.

Baban Twins: Ni shawarata ku fara da rigimar cikin gida, a nan amfanin yake fitowa. Nawa kullum faɗa a kan waya, kowa ba a yi min adalci ba. Da raba musu lokaci nake in tashi, yanzu sai in ce to ku faɗa min menene adalcin. Ɗaya ya ce kowa daidai da kowa. Na ce to in ɗayanku aikin makaranta zai yi da ita ɗayan kuma gem zai buga, daidai ɗin ne dai? Suka yi shiru, can macen ta ce a fara ba mai aiki, amma in ya gama kar ya ɓoye ya ce bai gama ba. Kun ga da kanta ta kawo maganar amana ban ce mata komai ba, kuma dokar da suka kafa da bakinsu sun fi riƙe ta fiye da tawa.

Sai labarin zoben nan da ke cikin littafin Jamhuriya na Aflatun, masanin falsafar Girka, makiyayi ya tsinci zobe in ya juya shi ba mai ganinsa. Ki tambayi yaro kai in ka samu me za ka yi, ki bar shi ya faɗi gaskiya kar ki yi masa fuska, in kin ɓata rai gobe amsar da kike so zai ba ki ba tasa ba. Daga baya ki ce to wanda ba ya ɗaukar kayan mutane don tsoron a gan shi da wanda ba ya ɗauka ko ba kowa, ɗaya suke?

Anti mai bincike: Bari in ɗan sa baki kar a ɗora wa abin abin da ba nasa ba. A Ingila an gwada a makarantun firamare 48, sakamakon ya fito a 2015 cewa yaran sun ci gaba da kusan wata biyu a karatu da lissafi, aka yi ta yayatawa, amma da aka sake gwaji mafi girma a makarantu 198 aka fitar a 2021 ba a ga wannan ƙarin ba. Don haka wanda zai yi don maki ya tashi a jarrabawa kar ya sa rai sosai. Ni abin da ya sa nake yi da nawa daban ne, yaran nan da waya za su tashi, kowa zai turo musu magana ya ce gaskiya ce, ina so ya zama bakinsu ya saba da wa ya faɗa, ina hujjarsa, ko akwai wata fassarar.

Kaka: Duk na ji ku 'ya'yana. Tsorona ɗaya kar a wayi gari yaro kana aikensa yana ce maka kawo hujja.

Malamin firamare: Gaskiyarki Kaka, kuma wannan a bakin iyaye yake, a nuna masa akwai lokacin zaman tunani akwai lokacin je ka yi. Ni abin da na gani ma a aji akasin haka ne, yaron da ya saba jiran wani ya gama magana, ya maimaita abin da ya ji kafin ya ce bai yarda ba, ya fi ladabi a musu nesa ba kusa ba, kuma yana iya cewa na canza ra'ayi a gaban 'yan ajinsu ba tare da jin an kayar da shi ba, manya nawa ne suka iya wannan.

Uwar 'yan uku: Na gode ƙwarai Allah ya saka. To ita tambayar tasa ta ko shi ne in ya girma fa? Sannan babbar yayarsa shekararta 15, ita akwai abin karantawa?

Ɗalibar jami'a: Tsohuwar tambaya ce Hajiya, mutanen Girka da jirgin ruwa suka yi ta, ana cire katakon da ya ruɓe ana sa sabo har ba sauran na asali, shin jirgin nan ne ko wani. Ki yi masa da kekensa, an canza taya, an canza sirdi, an canza sarƙa, a ina ya daina zama kekenka, sannan ki ɗauko hotonsa na jariri ki ajiye a gabansa ki ji me zai ce.

Yayar kuma ki nema mata Sophie's World na Jostein Gaarder, ɗan Norwe, ya fito a 1991, akwai fassarar Turanci da ta Larabci. Yarinya ce take tsintar wasiƙu ana tambayarta wace ce ke, daga ina duniya ta zo, ta haka ake bi da ita tarihin falsafa. Amma kusan duk na Turai ne, ba za ta sami masana falsafa Musulmi irin su Farabi da Ibn Sina yadda ya kamata ba, kuma akwai babukan da za ta so mai tattaunawa, don haka ki riƙa karantawa tare da ita ko ki riga ta da babi ɗaya.

Baban Twins: Malam dan Allah in kana da gajerun labaran da kake amfani da su a aji ka turo mana nan, na 'yan shekara shida zuwa tara.

Malamin firamare: In sha Allah zan tattaro su da daddare, zan sa tambaya ɗaya ɗaya a ƙarƙashin kowane don wanda yaronsa bai kawo tasa ba.