Dodon Ƙanƙara: Na 1982 Ko Na 2011?

Ɗan Majigi:
Sallama gare ku ma'abota kallo,
Batun fim ɗin The Thing ban ga an warware ba.
Dodo ne mai cin mutum ya ɗau kamanninsa,
Maza 12 a Antatika ba su ga mafita ba.
Na 1982, aikin John Carpenter,
Maimai ne shi ma, ba sabon gini ba,
Na 1951 ya riga shi fitowa,
Amma bai kai shi razanarwa ba.
Na 2011 ya ci dala miliyan 38,
Me ya sa bai tada tsikar jiki ba?

Gwanar Fitila:
Yaya, sirrin yana hannun Rob Bottin,
Ya ƙera dodon bai kai shekara 25 ba.
Roba ya zuba, da waya a cikinta,
Bai jingina da kwamfuta ba.
Narkakken cingam da mayonis ne yauƙin,
Fitila ta doke su, ƙyallin bai yi ƙarya ba.
Duba inda likita ya danna ƙirji,
Zuciya zai farfaɗo, bai ankara ba,
Ƙirjin ya wage, haƙora zaƙo-zaƙo,
Bai tsira da hannu ko ɗaya ba.
Hannun jeli ne, ƙashin kakin zuma,
Mai dungu biyu aka sa wa fuskar roba.

Malam Na-Gefe:
'Yar'uwa, a yi wa na 2011 adalci,
Share fage ne, ai ba maimai ba.
Sansanin 'yan Norway ne labarinsa,
Kufai Carpenter ya nuna, bai yi bayani ba.
Alec Gillis da Tom Woodruff sun ƙera nasu,
Ba su gaza a aikin hannu ba,
Bayan ɗauka aka rufe da zanen kwamfuta,
Shi ya sa dodon bai yi nauyi ba.
Yana tsalle sakayau kamar auduga,
Inuwarsa da fitilar ɗaki ba su jitu ba.
Amma duba cikon haƙori dabara ce,
Dodon bai iya kwaikwayon ƙarfe ba.

Gwanar Fitila:
Malam, gwajin nan a rabi ya tsaya,
Mai lafiyar haƙori ai bai wanku ba.
Na Carpenter jini ne a ɗan faranti,
Kowa da nasa, ba a gauraya ba,
A gasa waya ta yi zafi a tsoma,
Na mutum bai wuce ya yi "cuu" ba,
Na dodo ko tsalle yake da ƙara,
Ko ɗigo bai yarda ya ƙone ba.

Ɗan Majigi:
Ku tuna kasuwa ta ƙi na 1982 da fari,
Ya fito mako 2 bayan fim ɗin E.T., bai sha da daɗi ba.
Miliyan 15 ya ci, ya samo 19 da 'yan kai,
Kaset ne ya tashe shi, ba silima ba.
Saura The Fly, na 1958 da na 1986,
Wa zai ɗauka? Malam, ban ji ka ba.