Waɗanda ikilisiyarsu ta soma sababbin hidimomin kula da mambobi, me kuka gani?

Shugabar aji

Salama gare ku 'yan'uwa. Ni shugabar aji ce a ikilisiyar Metodis, aji kuwa shi ne ƙaramin rukunin mambobi da ake danƙa wa mutum ɗaya ya kula da su. A taron shugabannin ikilisiyarmu na baya an amince a soma hidimomi uku: masu ziyarar marasa lafiya da tsofaffin da ƙafa ta hana zuwa sujada, masu tsayawa da waɗanda aka yi wa rasuwa, da wani ɗan asusu na rance marar ruwa ga wanda aiki ya kuɓuce masa. Ni aka ɗora wa ta biyun. Tsarin yana rubuce a hannuna, ya yi kyau ainun, amma ban taɓa yin aikin ba. Ina roƙon waɗanda suka yi hidimar, da ma musamman waɗanda aka yi wa, ku faɗa mana gaskiya: me ya taimaka, me kuma ya zama ƙarin nauyi?

Gwauruwa

'Yar'uwa, bari ni da aka yi wa in fara. Da maigidana ya rasu, makon farko ko wurin ajiye ƙafa babu a gidan. Zumuntar mata ta zo, mawaƙa sun zo, fasto ya zo fiye da sau ɗaya. Na gode musu har gobe. Amma bayan jana'iza kowa ya koma harkarsa, haka duniya take, ba laifin kowa ba ne. A lokacin ne ma ciwon ya soma ci na.

Ikilisiyarmu ta ba ni mata biyu daga sabuwar hidimar. Ɗaya daga cikinsu ta lura da abin da ban gaya wa kowa ba, cewa yamma ce ta fi yi mini wuya, daidai lokacin da ya saba dawowa in ji motsin ƙofa. Sai ta mai da zuwanta wannan lokacin. Ba ta da yawan magana. Wata rana ta tarar da ni gaban jakar takardunsa, na kasa buɗewa. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ita ke cirowa ɗaya bayan ɗaya tana tambayata, wannan ta banki ce, wannan ta fansho, wannan fa? Ita ta raka ni karɓar takardar shaidar mutuwa. Ranar Lahadin da na fara komawa majami'a ta biyo ta gidana muka tafi tare, ta zauna a gefen da yake zama, don kada in juya in ga wurin fayau.

Abin da ya zame mini nauyi kuwa, masu zuwa da aya a baki tun daga ƙofa. An karanta mini 1 Tasalonikawa 4:13 har na soma jin kamar kukana zunubi ne. Ayar ba ta hana baƙin ciki ba, baƙin ciki irin na marasa bege ta hana. Abokan Ayuba ma kwana 7 ɗin da suka yi shiru a gefensa su ne mafi amfanin abin da suka yi masa. Sannan ki gaya wa mutanenki su daina cewa "in kina bukatar wani abu ki yi magana." Ba za mu yi magana ba. Su ce "gobe da safe zan zo in kai yara makaranta, ya yi miki?" Wannan ana iya amsa shi.

Mai wa'azin sa-kai

Mama, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke kiran waɗannan hidimomi sababbi. Tsarin aji da muke da shi ai daga nan ya fito. A watan Fabrairu na 1742, jama'ar Metodis ta Bristol a Ingila tana fama da bashin ginin ɗakin taronta. Wani Kyaftin Foy ya kawo shawara kowa ya riƙa ba da peni ɗaya, wato kwabon Ingila, duk mako. Aka ce da yawa talakawa ne, ba za su iya ba. Ya ce to a haɗa shi da 11 mafi talauci, zai riƙa zagaya su duk mako, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Wasu ma suka ce sun ɗauki irin wannan nauyin. Da masu karɓar peni suka fara shiga gidaje sai suka riƙa ganin abin da ba a gani ranar Lahadi: wane ba lafiya, wane ya koma shaye-shaye, gidan su wance babu zaman lafiya. Nan take John Wesley, wanda ya kafa Metodis, ya gane ya samu abin da ya daɗe yana nema, aka raba jama'a aji-aji, kusan mutum 12 a hannun shugaba ɗaya.

Wato an fita neman kuɗi aka dawo da kula da mutane. Mu kuma a wurare da yawa mun juya abin: ajin ya koma rajista da karɓar kuɗi, shi ya sa muke kafa kwamiti don ya yi aikin da shugaban aji ya bari. Ba na adawa da sababbin hidimomi, ina cikin ɗaya ma. Amma a namu, sai da muka sa doka cewa duk wanda za a ziyarta sai an sanar da shugaban ajinsa, kafin rikicin "wa ke da wannan mutumin" ya kwanta.

Shugabar aji

Malam, wannan harbin ya same ni, amma na karɓa. Mutum 30 ne a ajina, ba 12 ba, a yi mana adalci a nan.

Nas mai ritaya

Ni ina cikin masu ziyarar marasa lafiya tun da aka kafa ta a wajenmu, kuma rabin aikina koya wa 'yan'uwa su tashi su tafi ne. Mara lafiya ba zai ce maka ya gaji ba, sai ya yi ta murmushi yana neman bayan gida a zuci. Minti 15 zuwa 20 ya isa, sai in shi ya riƙe ka. A wanke hannu kafin da bayan. Mai mura ya zauna a gida ya yi waya. Kada a zauna a kan gadon wanda aka yi wa tiyata. Babba a cikinsu duka: mai ziyara ba likita ba ne. Na taɓa tarar da wata 'yar'uwa mai hawan jini ta ajiye maganinta saboda wani mai ziyara ya ce mata shan magani bayan addu'a ƙarancin bangaskiya ne. Da na auna ta hankalina ya tashi, a ranar muka kai ta asibiti. Wesley da kansa ya buɗe wurin ba da magani kyauta a Landan a 1746, da taimakon mai haɗa magani da likitan fiɗa. Ba mu gaji raba addu'a da magani ba.

Tun da Malam ya ɗauko tarihi: a Landan Wesley ya zaɓi mutum 46, ya raba birnin kashi 23, mutum biyu a kowane kashi, su duba kowane mara lafiya sau uku a mako. Cikin ƙa'idodin da ya ba su har da haƙuri da tausasawa, da tsabta, da kada su zama masu ƙyanƙyami. Wannan ta ƙarshen ita ke tace mutane. Akwai gidan da za ka shiga ka tarar tsoho ya ɓata shimfiɗa, 'yarsa da ke jinya ta kwana ba barci. A irin wannan gidan mai jinyar ta fi bukatarka. Mukan ce mata ta je ta kwanta awa biyu, mu muna nan.

Bibbiyu muke tafiya, ba a shiga gidan yaro ko tsoho mai rauni mutum ɗaya. Wasu sun ji haushi da farko, wai ba a yarda da su ba. Amma a 2015 Ikilisiyar Metodis ta Birtaniya ta fito fili ta nemi gafara bayan binciken da ta yi kan cin zarafin da aka yi a cikinta tun daga shekarun 1950. Dokar tana kare wanda ake ziyarta, tana kuma kare mai ziyarar daga zargi.

Ɗan ƙungiyar mawaƙa

Nawa labarin ba mai daɗi ba ne. Da aka sallame mu daga aiki na ɓoye, ina sa kaya ina fita da safe kamar kullum. Da abin ya kai maƙura na je wurin masu asusun taimako a asirce, suka taimake ni, ban raina ba. Lahadi mai zuwa sai ga sunana cikin jerin addu'a daga bagade, "ɗan'uwanmu da ke cikin matsin kuɗi." Surukata tana zaune a layi na biyu. Da kyakkyawar niyya aka yi, na sani, amma na daɗe ban iya tsayawa gaban jama'a na yi waƙa ba. Ku tambayi mutum kafin ku sa sunansa a addu'a, ku kuma tambaye shi abin da ya yarda a faɗa. Allah ai ya san sunan.

Kuma mu maza ba a cika tunawa da mu a waɗannan hidimomi ba. Mata suna da zumuntarsu, in ɗaya ba ta zo ba kafin yamma an je gidanta. Namiji sai ya yi wata uku ba ya nan, a ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ma'aji

Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, ba a kyauta maka ba. A namu mutum biyu kaɗai ke sanin wanda ya karɓa, a rahoton da nake karantawa lamba ce ke fitowa, ba suna ba. Masu binciken lissafi suna ganin rasit, jama'a jimla kawai suke ji.

Shugabar aji, ki gaya wa masu asusunku wata matsala da za su ci karo da ita. Asusun rancen da Wesley ya kafa, da farko ba ya ba mutum fiye da sule 20 a lokaci guda, a biya cikin wata uku. Ƙaramin kuɗi, gajeren lokaci, akwai hikima a ciki. Mu mun fara da ba da mai yawa, sai muka ga wanda ya kasa biya ya daina zuwa sujada, don kunyar haɗa ido da ni. Muka rasa kuɗin, muna neman rasa mutumin. Yanzu in mun ga mutum ba shi da hanyar biya, kyauta muke ba shi tun farko, mu ce masa kyauta ce. Rance na mai sana'ar da jari ya karye ne. Har yau wasu a kwamitin suna ganin muna lalata mutane da haka, ba mu gama wannan gardamar ba.

'Yar'uwa daga Amurka

Majami'ar Metodis da nake zuwa a nan tana bin wani tsari da ake kira hidimar Istifanus, sunan daga Istifanus na Ayyukan Manzanni sura 6. Wani fasto masanin halayyar ɗan Adam, Kenneth Haugk, ya fara shi a St. Louis a 1975, shi ɗan Lutheran ne, amma ɗariƙu da yawa sun ɗauka. Sai ka yi awa 50 na horo kafin a haɗa ka da mutum ɗaya, mace da mace, namiji da namiji, kuna haɗuwa kamar awa ɗaya a mako, kuma ko mijinki ba ya jin sunan wadda kike kula da ita. Abin da na fi amfana da shi shi ne zaman da mu masu hidimar muke yi tsakaninmu, a tambaye ka kai yaya kake, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Wadda nake kula da ita tana cikin rabuwar aure, akwai ranar da na fito daga wurinta na zauna a mota na kasa tuƙi. Ba don wannan zaman ba da na ajiye. A horon kuma an nanata mana iyakarmu: wanda ya fara zancen kashe kansa, ko ake dukansa a gida, ba a riƙe wannan a matsayin sirri, a kai ga fasto da ƙwararru nan da nan.

Baba mai sanda

Jikana ke rubuta mini. Tun da gwiwa ta kwantar da ni suke zuwa, wata-wata kuma fasto ya kawo mini Jibin Ubangiji har ɗaki. Fastoci nawa aka canja mana tun ina saurayi, haka tsarinmu yake, amma masu zuwan nan su ne dai, sun san inda nake ajiye tabarau. Sai dai na gaji da karɓa kullum. Na ce musu ƙafa ce ta mutu, baki yana nan. Suka ba ni sunayen maza biyar da aka daina gani a majami'a, ina kiran su a waya. Ɗan mawaƙa, ka ji, wani yana tunawa da ku. Ba na yi musu wa'azi, gaisuwa ce kawai da tambayar iyali. Biyu sun dawo. Ɗaya ya ce in daina kiran sa, na daina, ina sa shi a addu'a.

Shugabar aji

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na cire karanta sunaye daga tsarinmu, zan kuma nemi maza su shigo, don duk waɗanda suka ba da suna mata ne. Saura abu ɗaya. A takardarmu an rubuta a raka mai makoki wata shida sannan a rufe. Mama gwauruwa, ya isa?

Gwauruwa

Zuwan kowane mako kam ya isa, ni ma daga baya na fara son a bar ni in tsaya da ƙafata. Amma kada ku rufe littafin. Ku rubuta ranar rasuwar, da ranar aurensu, da Kirsimeti na farko, wani ya kira ko ya leƙo a waɗannan ranakun. Kuma ku gaya mata tun da wuri cewa ziyarar za ta ragu, kada ta wayi gari ta ga shiru ta ɗauka wani laifi ta yi. Ni a wata na takwas ma na fi shan wuya, lokacin da dangi suka taso da zancen gado. In kina da wanda ya san doka a ikilisiyarku, ki sa sunansa a jerinki tun yanzu.