Neman shawara: bakin teku a Yof ko tsibirin Gore?

Maman Hamza, Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Yamai zuwa Dakar. Watansa biyu da tafiya, mu kuma za mu bi shi da zarar an rufe lakwal. Biro ɗinsu yana unguwar Filato a tsakiyar Dakar, kusa da tashar jiragen ruwa. Ya samu gida biyu, ya ce in zaɓa tunda ni ce mai wuni a ciki.

Na farko hawa na biyu ne a wani bene a unguwar Yof, daga taga ana hangen teku. Kasuwa kusa, lakwal kusa, amma ba tsakar gida, kuma ya ce hayaniya ba ta yankewa. Na biyun yana tsibirin Gore, gidan iyayen wani abokin aikinsa ne, tsohon gini mai tsakar gida da itace a ciki. Ya ce mota ko ɗaya babu a tsibirin, jirgin ruwa ke kai mutane gari, tafiyar kamar minti 20.

Ni a ƙauye na tashi, wajen Bambai ta jihar Tawa. Shekarata 9 a Yamai amma har yau ban saba da zaman ɗaki a rufe ba. Da ya aiko mini hoton tsakar gidan nan na Gore sai da na yi ƙwalla, don gidanmu ya tuna mini. Zuciyata can ta karkata, sai dai teku ban taɓa gani da idona ba. Yara biyu gare mu, Hamza shekara 7, ƙanwarsa 4, kuma ina ɗauke da juna biyu wata huɗu. Don Allah wanda ya san wuraren nan ya faɗa mini gaskiya.

Injiniya Musa:
Wa alaikumus salam. Shekara 6 na yi a Dakar. In don maigida ne kawai, Gore ta fi. Daga Yof zuwa Filato da safe cunkoson motoci ne mai cin rai, wata rana sai ka haura awa ɗaya a hanya. Shi kuwa na Gore minti 20 ɗinsa a kan ruwa, ya sauka ya taka da ƙafa zuwa biro. Mazauna tsibirin kuma kuɗin jirginsu bai kai na baƙi ba.

Hajiya Rabi, Dakar:
Ƙanwata, shekarata 14 a garin nan, kuma ni ma mutuniyar Adar ce, don haka na san abin da kika gani a hoton nan. Amma bari in gaya miki, Gore ba ƙauye ba ce irin namu. A Bambai shirun da kike so cike yake da mutanenki: inna tana bayan danga, gwaggo tana gidan gaba, in kin yi tari da dare wani ya ji. A Gore shirun yana nan, danginki ne babu. Mutanen wurin ba su kai 2,000 ba, sun san juna tun kakanni, Wolof suke yi. Mutanen kirki ne, ban ce ba, amma kafin baƙuwa ta shiga cikinsu sai an ɗauki lokaci, maigida kuma ya fita tun safe sai magariba.

Shirun ma na dare ne. Tun 1978 UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya, saboda gidan bayi da ke can, wanda shugabanni irin su Mandela da Obama suka ziyarta. Da rana kowane jirgi baƙi yake saukewa, ƴan yawon buɗe ido da ƴan lakwal, suna bin lungu-lungu da na'urar ɗaukar hoto. Tsibirin gaba ɗaya tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, ba inda za su bi sai ƙofar gidanki. Ke da kika saba barin ƙofa a buɗe kina tankaɗe a tsakar gida, ki yi tunanin wannan.

Sai cefane. Buhun shinkafa, tukunyar gas, gawayi, duk ta jirgi suke shigowa, a ɗora a amalanke zuwa gida. Akwai ƴan kantuna, amma babbar kasuwa sai kin ƙetare. Kuma ki ce wa maigida ya tambayi mai gidan sosai game da gyara, don tsofaffin gine-ginen can ba a taɓa su yadda aka ga dama sai da izini.

Yof kuma kada ki ɗauka birni ne zalla. Asalinta garin masunta ne, kabilar Lebu, kuma cibiyar ɗarikar Layen ce, hubbaren Limamu Lay, wanda ya kafa ta, yana nan a bakin ruwa. Unguwa ce mai kamun kai. Da yamma za ki ga jiragen masunta suna dawowa, amalanken doki suna kwasar kifi a kan rairayi. Gero akwai shi a kasuwa don su ma abincinsu ne, furarki ba za ta yanke ba. Zogale suna ce masa nebedai. Ƴan uwanmu masu gasa nama kuwa suna ko'ina a cikin gari, har sunan naman ma dibi Hausa ake ce masa. In kika yi kewar jin Hausa, ba za ki yi nisa ba.

Malama Zainabu:
Ni ungozoma ce a likita, kuma maganarki ta ƙarshe ita ta tsayar da ni. Naƙuda ba ta duba lokacin jirgi. Jirgin nan da sa'o'insa yake tafiya, tsakar dare ba ya zirga-zirga. Ko da akwai ɗan wurin shan magani a tsibirin, abin da ya kai ga tiyata ko ƙarin jini sai an ƙetara da mutum. Na ga matan da haihuwa biyu ta zo musu da sauƙi, ta uku ta zo da gardama. Allah ya raba lafiya, amma ki haihu inda mota za ta iya tsayawa a ƙofar gida.

Baba Alhaji Idi, Lamorde:
Ɗiyata, ni ban san Dakar ba, ruwa na sani. A 2020 da kogin Isa ya cika ya ɓalle, cikin dare muka fita da jikoki a kafaɗa, abin da muka tara shekara da shekaru muka bar shi a baya. Wannan kogi ne, ina ga teku? Ko wanne kuka ɗauka, a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake kaiwa in ya yi fushi. Mai gida ba zai faɗa ba, maƙwabta za su faɗa.

Injiniya Musa:
Baba ya yi gaskiya, kuma Yof ɗin ma da nata. Tekun wannan ɓangaren yana da ƙarfin ja, duk lokacin zafi ana rasa yara a gaɓar arewacin Dakar. Hamza kada ya je bakin ruwa ba babba. Iskar gishiri kuma tana cin ƙarfe, firiji da ƙofa da mota duk tsatsa suke yi da wuri, a Yof da Gore baki ɗaya.

Maman Hamza, Bukoki:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganarki ta shiga raina, don gaskiya innata nake nema a cikin hoton nan. Na karanta wa maigida duka ta waya jiya da dare. Ya yi shiru, sannan ya ce shi cunkoso zai iya jurewa, amma ba zai iya tsayawa a bakin ruwa da ni cikin dare yana jiran jirgi ba. Mun tsaya a kan Yof na shekara ɗaya, bayan arba'in mu je Gore mu kwana biyu mu gani da idonmu. Na roƙe shi ya ƙara dubawa ko za a samu gida na ƙasa mai ɗan fili ko da ya yi nisa da tekun. Hajiya, in ba damuwa, wace lakwal kika sa naki a wajen Yof?

Hajiya Rabi, Dakar:
Zan kira ki bayan isha'i in Allah ya so. In za ki taho ki riƙo mini kilishi da ɗan cuku, kuma ki sa wa yara rigunan sanyi a jaka, don iskar Dakar daga Disamba zuwa Maris tana shiga jiki.